Kunun Zaƙi, Burukutu da Giyar Kwalba: Inda Ɗanɗanon Hatsi Yake Rarrabuwa

A arewacin Zamfara, daga Ƙaura Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929, har zuwa Zurmi da Shinkafi, gero da dawa ne ginshiƙin abinci, kuma daga gare su ake samun mafi yawan abin da ake sha a gida da kasuwa. Sha da sayar da giya haramun ne a addinin mutanen yankin, kuma laifi ne a doka tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a jihar a watan Janairun 2000, zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Duk da haka, ta fuskar sarrafa hatsi, kunun zaƙin da mata ke damawa da burukutun wasu al'ummomi da giyar masana'anta hanya ɗaya suke bi da farko, kafin tsawon lokaci da aikin yis su raba su.

Mafarin hanyar shi ne tsiro, wato hatsin da aka jiƙa, aka shanya a inuwa aka lulluɓe har ya fitar da 'yan saiwoyi, sannan aka busar da shi. Ƙwayar da ta fara tsirowa tana samar da wasu sinadarai masu farfasa sitacin da ke cikinta su mayar da shi sukari, domin ta ciyar da ɗan tsiron, kuma wannan sukarin ne mai dama kunu da mai dafa giya suke nema, kowa da manufarsa.

Mai kunun zaƙi tana jiƙa gero ko dawa, ta kai a markaɗa tare da citta da kanumfari da ɗan barkono ko masoro, sannan ta raba ƙullun gida biyu, ta zuba tafasasshen ruwa a kan kaso mafi yawa har ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, kafin ta haɗa shi da ɗanyen kason da aka markaɗa da tsiro ko busasshen dankali. Nan gwaninta take, domin idan aka haɗa da zafi sosai sinadaran tsiron sukan mutu, kunun ya tsaya da kauri babu zaƙi, idan kuwa aka dace, sai a ga ya saki ya tsinke da kansa, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba. Daga nan ake rufe shi ya kwana, ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke tsamar da nono su ba shi ɗan tsamin da ke daidaita zaƙin, da safe a tace.

Mashayan kunu suna da ma'auninsu, kuma ba shi da sassauci. Na gero ya fi ƙamshi da gardi, launinsa toka-toka, yayin da na farar dawa ya fi laushi a harshe, na jar dawa kuma yakan zo da ɗan bauri, wato wannan ɗaurewar baki da sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwayar yake haddasawa. Kunun da aka cika wa ruwa ana ce masa tsararo, wanda kayan yaji ba su ratsa ba a ce ya yi lami, wanda bai ji tafasasshen ruwa ba kuma a ji gafin ɗanyen ƙullu a cikinsa. Sukari mai yawa da ƙanƙara, waɗanda suka zama ruwan dare a kunun gora na tasha, galibi rufa-rufa ne a kan aikin da bai kammala ba, domin sanyi yana danne ƙamshin citta da kanumfari. Kunun tsamiya da na kanwa da na gyaɗa dangi ne ta wajen suna kawai, tunda ɗanɗanonsu daga abin da aka zuba musu yake, ba daga kwana ba.

Burukutu yana farawa daga inda kunu ya tsaya. Ana yin sa galibi da tsiron jar dawa, a dafa ruwan tsiron na tsawon sa'o'i, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa mai ɗauke da yis, wato ƙwayar halittar da ke cinye sukari ta fitar da barasa da iska, a bar shi kamar kwana biyu yana kumfa. Abin da ke fitowa mai kauri ne, ja-ja, mai tsami da ƙaurin itace, ƙarfinsa kuma yakan kai kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Pito ɗan'uwansa ne da aka fi tacewa, saboda haka ya fi garau. Maguzawan Kano da Katsina sun daɗe suna dafa giyarsu don gayya da bukukuwa, kuma har yau ana samun burukutu a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, kamar yadda ake samun dolo a Burkina Faso. Masu kunu sun san iyakar da ke tsakanin kunu da giya sarai, shi ya sa gorar da ta wuni a rana har ta kumbura, ta yi tsit idan an buɗe, ake zubar da ita.

Giyar Turawa ta bambanta da waɗannan ta wajen sha'ir da kuma furen wani tsiro mai suna hops, wanda ke ba ta ɗaci ya kuma hana ta saurin lalacewa, alhali burukutu ba ya jure kwanaki. Samfurin laga, irin su Star da aka fara yi a Legas a 1949, ana tsima shi cikin sanyi har ya fito garau, samfurin sitawut kuwa, irin na Guinness, baƙinsa da ɗacinsa daga gasasshen hatsi suke. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin giya suka koma ga dawa da masarar gida, abin da ya buɗe wa manoman dawa na Arewa sabuwar kasuwa.

Daga waɗannan masana'antu ne kuma ake fitar da lemon malt, irin su Maltina da ta fito a 1976, wanda ruwan tsiro ne da ba a bar yis ya yi aiki a cikinsa ba, aka ƙara masa ƙonannen sukari da iska, kuma shi ne ake jerawa a walimar aure da suna a Shinkafi da Zurmi ba tare da wani ƙyashi ba. Idan aka gwada shi da kunun zaƙi, malt ya fi zaƙi da danƙo, amma ba shi da tsamin kwana ko yajin citta, kuma kuɗin kwalbarsa ɗaya kan sayi gorar kunu fiye da ɗaya.