Injin Merlin da Tsadar Riƙonsa

Injin Merlin, wanda kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya fara gwadawa a 1933, shi ne ya ɗauki jiragen yaƙi irin su Spitfire da Hurricane da Lancaster a Yaƙin Duniya na Biyu. An ƙera kusan 150,000, har da waɗanda kamfanin Packard ya yi a Amurka, kafin a daina a 1950. Ƙalilan ne ke aiki yau, kuma riƙonsu sai mai ƙarfi.

Mai ne farkon abin da ke cin kuɗi. Injin na da silinda 12, kuma ko a tafiya ta hankali yakan sha wajen lita 200 a awa guda. Ba fetur ɗin mota ba ne, mai ne na musamman da ake sa wa dalma. Lancaster kuwa injin huɗu gare shi, sai a ninka lissafin sau huɗu.

Amma man ba shi ne babbar ɗawainiya ba. Kowace awa da injin ya yi a sama ana rubuta ta, idan awoyin suka kai 'yan ɗaruruwa sai a sauke shi a yi masa garambawul, ko da lafiyarsa ƙalau. Ana kwance shi kaf, a wanke, a auna fistin da bawul 48 ɗaya bayan ɗaya, a binciki ƙarfen ko akwai tsagar da ido ba ya gani. Abin da ya ci sai a nemo madadinsa a tsofaffin kayan ajiya na zamanin yaƙi, waɗanda kullum raguwa suke yi, ko a ƙera sabo kaɗan-kaɗan da tsada. Kanikawan da suka san aikin ma ba su da yawa.

Ga misalin wannan ɗawainiya: a 2014 jirgin Lancaster na gidan tarihin Hamilton a Kanada, ɗaya daga cikin biyu kacal masu tashi a duniya, ya ziyarci Ingila. Injinsa ɗaya ya lalace, sai da aka aro wani daga wani gidan tarihi a Lincolnshire kafin ya ci gaba da shawagi. A 2017 kuma rundunar sojin saman Birtaniya ta dakatar da tsofaffin jiragenta masu Merlin na ɗan lokaci, saboda matsalar da aka gano a giyar injin guda.