Gwajin Fahimtar Magana a Asibitin Kunne

Yawancin masu raunin ji, musamman tsofaffi, kan ce suna jin muryar mai magana amma ba su gane abin da yake faɗa, kuma wannan kuka shi ne dalilin da ya sa gwajin ƙarar inji kaɗai, wanda ake zana sakamakonsa a takardar da ake kira odiyogram, bai wadatar ba. A gwajin fahimtar magana ana zaunar da mutum a ɗakin da aka toshe masa hayaniya, a sanya masa abin saurare, a riƙa karanta masa kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana maimaitawa. Da farko ana neman mafi ƙanƙantar ƙarar da zai iya kama rabin kalmomin a kanta, sannan a ƙara ƙarfin sauti da kamar desibel 30 zuwa 40, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a ba shi jerin kalmomi 50, kowace tana ɗauke da kashi 2 cikin ɗari na makin gwajin.

Amfanin wannan maki yana cikin abin da yake nunawa game da inda cutar take. Wanda datti ya toshe masa kunne, ko dodon kunnensa ya huje, yakan ci kusan duka da zarar an ɗaga murya, amma wanda kunnensa na ciki ya lalace yana rasa siraran sautuka irin su s da sh da ts, har sara da shara da tsara su zame masa abu guda komai ƙarfin muryar. Idan kuwa makin ya riƙa raguwa yayin da ake ƙara sauti, likita yakan yi zargin ƙari a jijiyar ji.

Jerin kalmomin da suka fi shahara an tsara su ne da Ingilishi a Amurka, kamar na Harvard a 1948, da CID W-22 a 1952, da NU-6 a 1966, dukkansu kalmomi masu gaɓa ɗaya. Bahaushen da bai iya Ingilishi ba, idan aka gwada shi da su, iliminsa na harshen ake aunawa, ba kunnensa ba. Fassara su ma ba ta magance matsalar, domin kalmomin Hausa galibi masu gaɓa biyu ne, kuma karin sauti da tsawon wasali suna bambanta ma'anarsu, don haka wajibi ne a tsamo jerin daga maganar yau da kullum, a naɗe shi da muryar ɗan harshen, a fara gwada shi a kan masu lafiyayyen kunne kafin a kai shi gaban majinyata.