Tsohon malamin Ngelbeli da finafinan da yake ƙauna

Ngelbeli ƙaramin gari ne cikin jihar Difa, arewa da Maine-Sorowa, ƙasar rairayi da makiyaya. Daga nan zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 1,200. Babu gidan sinima a garin. Amma akwai wani dattijo, tsohon malamin yaƙi da jahilci, wanda jama'a ke kira Mushe, wanda ya shafe shekarunsa yana son kallon fim. Idan ya shimfiɗa tabarma bayan la'asar, samari sukan zo su zauna, kowa da wayarsa cike da finafinai, a yi ta gardama a kan wanne ne mai kyau, wanne ne ɓata lokaci.

Yadda abin ya soma

Mushe ya fara kallo ne a Damagaram, lokacin da yake ɗan lakwal. A zamanin, gidan sinima fili ne marar rufi, da babban bango fari, sai dare ya yi a kunna majigi. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da cinikin fim a yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa. Abin da suka kawo shi ake kallo: kaboyi na Amurka, da finafinan Indiya, da na Masar, daga baya kuma na ƴan kareti. Yaro ba ya zaɓe. Sai da ya girma ya soma auna abin da ake nuna masa.

Ma'auninsa guda ne. A ganinsa, fim mai kyau shi ne wanda idan mutum ya tashi daga kallo zai tuna da wani wanda ya sani, ko maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko shi kansa. Wanda bai tuna wa mutum kowa ba, ko an kashe masa dukiya mai yawa, hayaniya ce kawai.

Na ƙasashen waje

Da wannan ma'auni ne ya ɗora Mother India a kan sauran finafinan waje. Mehboob Khan ya yi shi a 1957. Labarin wata mata ce, Radha, wadda bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonar gidansu. Mijinta ya rasa hannuwansa wajen aikin gona, ya bar gida, ambaliya ta share amfanin, ita kaɗai ta rene ƴaƴanta. Mushe ba ya jin yaren Indiya, amma ya ce bai taɓa bukatar tafinta ba. Duk wanda ya ga manomin tattasai a bakin Kumadugu ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, sannan kogi ya cika ya tafi da shukar, ya riga ya san labarin.

Kaboyi kuwa ya daɗe da fita ransa. Dalilinsa shi ne, a cikinsu ran mutum ba shi da daraja: a harbe goma, ba a nuna uwar ko ɗaya tana kuka. Wanda ya zauna jihar Difa tun daga watan Fabrairu na 2015, lokacin da ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, ya san abin da ke biyo bayan harbi.

Saboda haka ne yake girmama Mahamat-Saleh Haroun na ƙasar Cadi. Fim ɗinsa Un homme qui crie, wato mutum mai kururuwa, ya samu kyauta a bikin Kan na Faransa a 2010. Uba ne mai aikin kula da wurin wanka a wani otel na Njamena, wanda ya bari aka tafi da ɗansa fagen yaƙi, nadama ta hana shi sakat. Ba a cika nuna faɗa a ciki ba. Ana jin yaƙin ne a rediyo, ana ganinsa a fuskar uban. Mushe ya ce haka yaƙi yake zuwa wa talaka.

Na gida, masu zaman kansu

Fim mai zaman kansa shi ne wanda mai shi ya yi da ƙaramin jari, ba babban kamfani a bayansa, ba mai gaya masa yadda labari zai ƙare. Samarin da ke zama wurin Mushe sukan yi mamaki in ya gaya musu cewa Nijar tana cikin ƙasashen da suka riga kowa a wannan aiki a Afirka ta Yamma.

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya yi Aouré a kan aure a 1962. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika Sule ta fito a ciki. Mushe yana son wannan fim domin yana ba da dariya, kuma domin shi da tsaransa ake nufi: su ma sun taɓa kiran juna da sunayen kaboyi a titin Damagaram.

Amma gwaninsa shi ne Umaru Ganda. An haife shi a Yamai a 1935, ya yi soja a Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Bafaranshe Jan Rush ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir. Da ya riƙe na'ura da kansa, sai ya yi Cabascabo, labarin tsohon sojan da abokai suka taya shi cinye kuɗin sallama, suka watse, ya ɗauki kayan noma ya nufi gona. An nuna shi a Kan a 1969. Sannan ya yi Le Wazzou polygame, a kan Alhajin da ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari. Shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, a 1972. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981.

Mushe ba ya ɓoye aibin waɗannan finafinai. Suna tafiya a hankali, sautin wasu ba ya fita sosai, kuma na Ganda da Zabarmanci aka yi su, ga rubutun Faransanci a ƙasa wanda mutumin karkara ba zai karanta ba. Duk da haka ya ce kowane mutum a cikinsu ana iya gamuwa da shi a kasuwa.

Finafinan Kano kuwa, waɗanda suka cika wayoyin samari, yana yaba musu abu ɗaya babba: sun yi magana da Hausa, sun shiga kowane gida ba da taimakon kowa ba. Abin da yake ƙi shi ne yawan kwaikwayon rawar Indiya. Cikin na zamani ya fi son Zinder, wanda A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta fitar a 2021. Ta shiga unguwar Kara-Kara, ta bar samarin da gari ke tsoro suka faɗi rayuwarsu da bakinsu.

Abin da ke damunsa

Damuwarsa biyu ce. Ta farko, cikin samarin da ke zama wurinsa babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin Ganda. Wanda ya je Yamai ya san sunan ne kawai a jikin gidan al'adu. Mushe yana fatan hukumomin al'adu da magadan gari su sa a juya waɗannan finafinai zuwa Hausa da Barbarci da Fulatanci, a kai su ajin yaƙi da jahilci, a nuna bayan karatu. Aikin ba ya bukatar gini: farin ƙyalle, da ƙaramar majigi, da batir mai cajin hasken rana sun isa. Wanda ya fi so a fara da shi a Ngelbeli shi ne Toula na Mustafa Alasan, labarin fari da neman ruwa, domin makiyayi ba ya bukatar a yi masa bayaninsa.

Ta biyu ta fi nauyi. A 2015 an kafa dokar ta-ɓaci a jihar, an hana hawan babur, an tsayar da cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, dubban mutane sun bar ƙauyukansu sun kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Baƙi sun zo da na'urori, sun ɗauka, sun tafi. Mushe yana tsoron kada jikokinsa su san wannan zamani ta idon baƙo kaɗai. Shi ya sa yake gaya wa samari cewa wayar da ke hannunsu tana ɗaukar hoto da murya, su je wurin tsofaffin da suka yi gudun, su zauna, su saurara tun suna raye. Yakan tuna musu cewa Umaru Ganda ɗan dako ne kafin ya riƙe na'ura, kuma sai da ya fara ba da labarin kansa sannan duniya ta saurare shi.