Hoton Asibiti Ba Abin Tsoro Ba Ne

Yau zancenmu a kan hoton asibiti ne, wanda ake kira eksire. Mata da yawa a Batsari da Safana, da zarar likita ya ce a yi hoto, sai gabansu ya faɗi, wai yana shan jini ko yana hana haihuwa. To, bari mu warware.

Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano wannan haske a 1895. Hannun matarsa ma ya ɗauka, ƙasusuwanta da zobenta suka fito fili. Hasken yana ratsa tsoka, amma ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Da shi ake ganin karaya kafin ɗori, da tarin fuka a huhu. Ɗan kaɗan ake sakar miki, cikin ƙiftawar ido. Ba ya shan jini, ba ya hana haihuwa. Sai dai in kina da ciki, ko kina zato, ki faɗa tun kafin a fara. Shi kuwa sikanin na awon ciki, da sauti yake aiki, babu wannan haske a ciki.

Akwai kuma hoton mama, mai gano ƙullutun sankara tun hannu bai ji shi ba. In an tabbatar da cutar, wani lokaci likita kan rubuta gashi. Kar sunan ya razana ki, ba wuta ba ce. Hasken nan ne dai, amma mai ƙarfi sosai, a saita shi daidai kan ciwon ya kashe ƙwayoyinsa. Mintoci kaɗan ne a rana, na wasu makonni. Za ki iya jin gajiya, fatar wurin ta yi duhu, amma hasken na'urar ba ya bin ki gida, ki rungumi 'ya'yanki lafiya lau.

A da, sai an je Shika ta Zariya ko Sakkwato ake samun gashi. A 2025 an buɗe cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiya ta ragu.

Saboda haka 'yar'uwa, in kin ji ƙullutu a mama, ko da ba ya ciwo, kar ki ɓata watanni kan shafe-shafe. Ki je asibiti mafi kusa a duba ki, a tura ki gaba. Jinkiri ne abin tsoro, ba hoto ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.