Maganin da muke ba dabba yana biyo nono

Ƴan uwa mata, yawancinmu a nan Gangara kiwo muke yi da rancen asusu: jar akuya, ragon layya, kaji da zabi. In dabba ta kwanta, sai mu sayo kafson nan ja da rawaya a kasuwa, ko a yi mata allurar oksi. Duka biyun dangin magani ɗaya ne, tetrasiklin. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ranar da dabba ta miƙe yake barin jikinta ba. Sauransa yana nan cikin nono, ƙwai, nama, hanta da ƙoda.

Halin wannan magani shi ne manne wa kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Shi ya sa likita ba ya ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, don yana rina haƙori. Ɗan guntun da muke sha a nono kuwa, babbar illarsa ita ce ƙwayoyin cuta su saba da shi. Ranar da yaro zai buƙaci magani, sai ya ƙi ci.

To, ta yaya ake gane shi? Ido ba ya gani, tafasawa ba ta kawar da shi duka. Hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa iyaka: kada ya wuce giram 1 cikin lita 10,000 na nono. A ɗakin gwaji, ana ɗiga nono cikin ƴar kwalba mai launin shunayya wadda aka sa wa ƙwayoyin cuta, a ɗumama wajen awa 3. In ta koma rawaya, ƙwayoyin sun rayu. In launin bai sauya ba, magani ya kashe su. Mu a gida, nonon da ya ƙi yin kindirmo bayan allura abin zargi ne, amma wanda ya kama ma ba shaida ba ne.

Makaminmu shi ne jira. Kwanakin jira suna rubuce a jikin kwalba: na nono kwanaki, na nama makonni. Mu tambayi malamin dabbobi, mu rubuta ranar allura a littafin ƙungiya.

Mun sani, hana nono zuwa kasuwar Gazawa hasara ce ga mai bashi a ka. Don haka a zama na gaba mu tattauna: wadda ke jiran magani ya fita, ƙungiya ta ɗaga mata ranar biya. Nonon da ba za mu ba ɗanmu ba, kada mu sayar wa uwar wani.