Karatun likita a Amurka: Wane digiri ya kamata ɗalibi ya fara yi?

Iyaye da dama a Najeriya da ke tara kuɗi domin tura ’ya’yansu karatun likita a Amurka sukan ɗauka tsarin can ɗaya ne da na gida: yaro ya kammala sakandare, ya ci jarrabawa, ya shiga ajin likitoci. Sai takardar gurbi ta iso ake gano cewa jami’a ta ɗauke shi ne ya karanta kimiyyar halittu ko kemistiri, kuma tsakaninsa da makarantar likita akwai shekara huɗu da wata babbar jarrabawa.

A Najeriya, ɗalibin da ya ci jarrabawar JAMB ya samu gurbi a Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Jami’ar Bayero da ke Kano yakan yi shekara shida ya fito da digirin MBBS, sannan ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. A Amurka kuwa sai an yi digirin farko na shekara huɗu, sannan a nemi makarantar likita ta wasu shekaru huɗu, a fito da MD ko DO, kafin horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. Jimilla shekara 11 zuwa 15 ke nan.

Tsarin ya daɗe. Makarantar likitoci ta Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1893, ta gindaya sharaɗin digiri ga masu neman shiga, kuma rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 ya sa sauran makarantu suka bi sahunta sannu a hankali.

Darussa ake dubawa kafin sunan kwas

Makarantun likita na Amurka ba sa tilasta wa ɗalibi wani kwas guda. Wanda ya karanta tarihi ko tattalin arziki yana da damar nema kamar wanda ya karanta kimiyyar halittu, muddin ya ɗauki darussan da aka wajabta. Galibi su ne shekara guda ta kimiyyar halittu, shekara guda ta kemistiri na gama-gari, shekara guda ta kemistirin sinadarai masu ɗauke da kabon, da shekara guda ta fiziks, dukkansu tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai kuma Turanci. Makarantu da yawa sun ƙara da bayokemistiri da lissafi ko ƙididdiga.

Ana auna makin ɗalibi a kan ma’aunin 4.0, kuma ana ware makin darussan kimiyya da lissafi a lissafa shi daban. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka yana sama da 3.7. Shi ya sa darasi ɗaya ko biyu da aka yi wa riƙon sakainar kashi a shekarar farko ke iya bin ɗalibi har ranar neman gurbi.

Sai jarrabawar MCAT, wadda ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka, AAMC, ke shiryawa. Takan ci kusan sa’a bakwai da rabi, tana da sassa huɗu, makinta kuma daga 472 ne zuwa 528. Tun daga 2015 aka shigar da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa a cikinta, kuma sashe guda ba ruwansa da kimiyya, fahimtar rubutu da tsinkaye kawai yake gwadawa. Duk da wannan shiri, fiye da rabin masu neman makarantun MD a kowace shekara ba sa samun gurbi.

Ribar kowane kwas da haɗarinsa

Mafi yawan masu nema kimiyyar halittu suke karantawa, domin darussan da ake buƙata suna cikin manhajar kwas ɗin. Matsalarsa ita ce idan gurbi bai samu ba, digirin shi kaɗai ba ya saurin kai mutum ga aiki mai gwaɓi. Injiniyanci da ilimin kwamfuta suna ba da madafa, amma nauyinsu na iya janyo maki ƙasa, ga kuma darussan likita da za a ɗora a kai. Kwasa-kwasan adabi da zamantakewa suna gogar da ɗalibi a karatu da rubutu, sai dai dole ya tsara jadawalinsa tun daga zangon farko domin darussan kimiyya su samu wuri. Wanda ya zaɓi aikin jinya kuma ya bincika, domin wasu makarantu ba sa karɓar kemistirin da ake koya wa ma’aikatan jinya a madadin nasu.

Ma’aunin da ya fi dacewa tambayoyi biyu ne: a wane kwas ɗalibin zai fi samun maki, kuma me zai yi da digirin idan likitanci bai yiwu ba? Tun ran gini, ran zane.

Likitancin ƙafa

Wani fanni da ba a cika saninsa a nan ba shi ne likitancin ƙafa, wanda ke kula da tafin ƙafa da idon sawu, tun daga karaya da tiyata har zuwa gyambon masu ciwon suga, wanda kan kai ga yanke ƙafa idan aka yi sakaci. A Amurka makarantunsa daban suke, guda 11, ciki har da ta birnin New York da ta Jami’ar Temple a Filadelfiya. Ana yin shekara huɗu a samu digirin DPM, sannan horon asibiti na shekara uku.

Darussan share fage kusan iri ɗaya ne, kuma MCAT ɗin ce dai, sai dai matsakaicin makin shiga bai kai na makarantun MD ba. Ana so mai nema ya zauna da likitan ƙafa ya ga aikinsa, ya kuma kawo takardar shaida daga gare shi. Abin lura shi ne mai DPM ya ɗaure kansa da ƙafa tun ranar farko, ba zai koma likitan yara ko na zuciya ba. A Ingila kuwa fannin digirin farko ne na shekara uku. Mai niyyar dawowa gida ya fara tuntuɓar hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, MDCN, ya ji matsayin takardar kafin ya kashe ko kwabo.

Ƙarin shinge ga baƙi

Makarantun likita da dama, musamman na gwamnatocin jihohi, ’yan ƙasa da masu takardar zaman dindindin kawai suke ɗauka. Waɗanda ke karɓar baƙi sukan nemi a yi darussan share fage a jami’ar Amurka ko Kanada, don haka digirin kimiyya daga jami’ar Najeriya ba lallai ya wadatar ba. Baƙo ba ya samun rancen karatu na Gwamnatin Tarayyar Amurka, wasu makarantun ma sai an nuna ko an ajiye kuɗin shekaru huɗu kafin a shiga aji.

Saboda haka likitocin Najeriya da yawa da ke aiki a can wata hanya suka bi: sun yi MBBS a gida, suka rubuta jarrabawar USMLE, suka samu shaidar hukumar ECFMG, sannan suka nemi horon ƙwarewa. Hanyar tana da tata gasar, amma ta fi sauƙi a aljihu, kuma ko tafiyar ba ta yiwu ba, mutum likita ne a ƙasarsa.

Kafin a biya kuɗin zangon farko, ya kamata iyali su samo jerin makarantun likita da ke ɗaukar baƙi, su duba darussan da kowace ke buƙata, su kuma lissafa kuɗin shekara takwas gaba ɗaya, su kwatanta da na shekara shida a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri.