Masu Hawan Dutse, Daga Tsaunukan Turai Zuwa Duwatsun Mandara

Mutumin da aka haifa a Yerwa, wato Maiduguri, ya yi karatun allo a Hausari ko Shehuri, ya girma yana kai da kawowa tsakanin kasuwa da bakin kogin Ngadda, yana iya kaiwa ga furfura bai taɓa hawan abin da ya fi tudun yashin nan da ya ratsa gari ya nufi Bama ba, wanda masana ilmin ƙasa suka ce gaɓar Tafkin Chadi ce ta zamanin da ruwansa ke kawowa har nan. Saboda haka idan aka ba shi labari cewa a Turai akwai mutane masu cikakken hankali, masu sana'a da iyali, waɗanda sukan ajiye aikinsu wata shida ko shekara guda, su ɗauki igiya da guzuri su bi tsaunuka ƙasa bayan ƙasa, alhali ba kiwo ya kai su ba, ba fatauci ba, ba kuwa gudun wani azzalumi ba, illa dai su hau su sauko, ba za a ga laifinsa ba in ya girgiza kai ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Su kansu Turawan sun daɗe bisa wannan ra'ayi. Har zuwa ƙarni na 18, tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, abin tsoro ne gare su, matafiyi kan ratsa su ne kawai bisa larura, yana addu'a, yana jin labaran dodanni da ake cewa suna zaune a bisansu. Sai a 1760 wani masani na birnin Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar kaiwa ƙololuwar Mont Blanc, dutsen da ya fi kowanne tsawo a can, wanda ya haura mita 4,800. Shekara 26 ladan nan yana jiran mai rabo, kafin ranar 8 ga Agusta 1786 wasu mutum biyu na ƙauyen Chamonix su kai: Michel Paccard, likita, da Jacques Balmat, talaka mafarauci, mai bin tsagogin dutse yana neman duwatsu masu ƙyalli ya sayar. A riƙe sunan Balmat da irin sana'arsa, gama a nan ne zancen zai dawo.

Daga nan abin ya zama sha'awar masu hali, musamman Ingilishi, har suka kafa ƙungiyar Alpine Club a Landan a 1857. Farashin wannan sha'awa ya bayyana ga kowa ranar 14 ga Yuli 1865, yayin da Edward Whymper da abokansa shida suka fara taka kan Matterhorn, mai mita 4,478, a iyakar Suwizalan da Italiya. A wajen saukowa ƙafar ƙaraminsu a ƙwarewa ta zame, ya ja uku tare da shi, igiyar da ta haɗa su da sauran ta tsinke, su huɗun suka faɗa cikin kwazazzabo, saura ukun suna kallo ba su da ikon komai. Jaridun Ingila suka yi ta muhawara kan ko wannan abu jarunta ce ko wauta, amma maimakon jama'a su ja da baya sai masu zuwa suka ƙaru.

Wanda bai ga yadda ake yi ba yakan zaci ƙarfin damtse ne jarin mai hawan dutse, alhali kuwa jarinsa na farko amana ce. Mutum biyu sukan ɗaure kansu da igiya guda, mai tsawon mita 50 ko 60, wadda aka saƙa ta yadda za ta ɗan miƙe in an fizge ta, domin kada ta karya ƙugun wanda ya faɗo. Na gaba ya hau, sanye da takalmi matsattse mai ƙasan roba da hular kwano, da 'yar jakar garin alli a bayansa wadda yake tsoma yatsu ciki saboda gumi; duk inda ya sami tsaga sai ya cusa ɗan ƙarfe ya maƙale, ya rataya ƙugiya, ya zura igiyar ciki, ya ci gaba. Na ƙasa kuwa yana tsaye, igiyar na bi ta wani ƙarfe a ɗamararsa, yana sakinta kamu-kamu, idonsa bai barin ɗan'uwansa ko da ƙiftawa. In na sama ya wuce ƙugiyarsa ta ƙarshe da mita biyu sa'an nan ya suɓuce, to, zai faɗo mita huɗu da ɗoriya kafin igiya ta tsai da shi, kuma ba za ta tsai da shi ba sai hannun na ƙasa yana inda ya kamata. Da na gaba ya kai ƙarshen igiya sai ya kafa, ya zama shi ne mai riƙo, na biyu ya biyo yana cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

Masu doguwar tafiya a cikinsu bin yanayi suke yi, kamar yadda makiyayanmu kan bi ruwa da ciyawa. Daga Yuni zuwa Satumba suna Alps ko tsaunukan Dolomite na Italiya, inda har yau ake bin tsani da wayoyin ƙarfe irin waɗanda sojojin Italiya da na Ostiriya suka kafa a jikin dutse lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Da sanyi ya ƙarato sai su gangara tsibirin Kalymnos na Girka ko kudancin Sifen. Da yawa a cikin mota suke kwana, a ciki suke girki. A bisa tsaunukan kuma an gina masaukai, tsakanin kowane biyu tafiyar wuni ko ƙasa da haka, inda baƙo zai sami miya mai zafi da shimfiɗa, har ya zamana mai matsakaicin ƙarfi yana iya kewaye Mont Blanc da ƙafa, kimanin kilomita 170 ta cikin ƙasashe uku, bai ɗauki tukunya ba.

Mai karatu Musulmi lalle zai tambayi hukuncin mutum ya rataye ransa a igiya ba da larura ba, tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Fatawa ta malamai ce. Abin da dai hankali ke nunawa shi ne akwai bambanci mai nisa tsakanin wanda ya nemi ilmin abin, ya riƙi sababi, ya ɗauki jagora, sa'an nan ya yi tawakkali, da wanda girman kai ya tura shi.

Misalin na biyun yana cikin tarihin wani baƙon Borno. Heinrich Barth, Bajamushen da mutanenmu suka sani da Abdulkarim, yana kan hanyarsa daga Tarabulus a watan Yuli 1850 ya iso gindin dutsen Idinen, kusa da Ghat, wanda Buzaye ke cewa fadar aljanu ce, ba wanda ya yarda ya raka shi. Ya hau shi kaɗai da ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba, ya kai sama a galabaice, a wajen saukowa ya ɓace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi har ga tsotsar jinin jikinsa. Ba don wani Buzu ya bi sawunsa kashegari ya same shi kwance ba, da bai ga Kukawa ba a Afrilu 1851, balle Yola da Sakkwato da Tambutu. Ko me mutum zai ce game da aljanun Idinen, masu ƙasar sun fi shi sanin abin da dutsen ke yi wa wanda ya hau shi da tsakar bazara.

To, mu ma muna da tsaunuka, kuma ba su da nisa. Wanda ya bar Maiduguri ta Konduga da Bama, ya kai Pulka, zai ga duwatsun Gwoza sun taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba sallama, su ne kan jerin Mandara, wanda ya miƙa kudu kusan kilomita 200 bisa iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsawonsu bai kai mita 1,500 ba, ba su kama ƙafar Alps ba, amma mutane sun zauna a kansu ɗaruruwan shekaru, Dghweɗe da Glavda da Guduf da Mafa da wasunsu, kuma ba sha'awa ce ta hau da su ba. Dixon Denham, wanda ya biyo rundunar Barka Gana, kacallan Shehu Laminu na Borno, zuwa garin Mora a 1823, ya ba da labarin wutar mutanen dutse da ake hange da dare daga ƙasa, inda mahaya dawaki ke jiran su. Shekara 90 bayan haka Hamman Yaji na Madagali yana rubuta adadin waɗanda mutanensa suka kamo daga waɗannan duwatsu cikin littafin da ya riƙa ajiyewa daga 1912 har zuwa 1927, shekarar da Ingilishi suka tuɓe shi. Doki ba ya hawan dutse. Wannan ita ce dukkan hikimar zama a can.

Sai dai abin da tsoro ya fara, himma ta kammala shi. Mutanen dutsen sun yanka gangaren gonaki hawa-hawa, kowacce da katangar duwatsu da aka jera ba laka, mai tare ƙasa da ruwan sama, suna noma dawa da wake inda baƙo ba zai sami wurin ajiye ƙafa ba. A Sukur, cikin ƙasar Madagali, sun shimfiɗe hanya da falalen duwatsu tun daga kwari har fadar Hidi, sarkinsu, sun narka tama sun sayar wa mutanen ƙasa da ƙarfe, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya a 1999, na farko a Nijeriya. Mace takan hau irin hanyar nan da tulu a ka da goyo a baya, ba igiya ba ƙugiya. Har Turawa sun ɗanɗana ƙarfin waɗannan duwatsu a yaƙinsu: rundunar Ingilishi da Kyaftin Fox ya fita da ita daga Maiduguri a Agusta 1914 ta tarar da Kyaftin von Raben na Jamus ya haye dutsen Mora, kuma duk da taimakon Faransawa ba a saukar da shi ba sai Fabrairu 1916, bayan dukkan Kamaru ta fita daga hannun Jamus.

A nan ne nake ganin Turai ta yi abin da mu ba mu yi ba. Mutanen dutsensu ma talakawa ne da 'yan birni ke rainawa, irin su Balmat, amma da baƙi suka fara zuwa sai aka gane cewa sanin hanya, da sanin inda ƙanƙara ke ruftawa, da karanta hadari tun yana nesa, ilmi ne mai daraja da lada. Bayan jagorori uku sun halaka a Mont Blanc a 1820, majalisar Chamonix ta kafa ƙungiyar jagorori a 1821, da asusun taimakon iyalan wanda ya rasu, kuma ƙungiyar tana nan har yau. Mu kuwa mutanen ƙasa, Kanuri da Hausawa da Fulani, mun daɗe muna duban na bisa dutse da ido na raini, ko bayan da yawansu suka musulunta, ko suka yi boko suka riƙe manyan ofisoshi a Maiduguri. A tsallaken iyaka, a Rhumsiki, inda tsololon duwatsu ke tsaye ɗai-ɗai cikin kwari, samarin Kapsiki sun ci abinci shekara da shekaru da raka Turawa masu yawon buɗe ido, mu a namu gefen ba mu ko fara ba.

Sa'an nan fitina ta zo. Boko Haram ta kama Gwoza a Agusta 2014, ta kai wa Sukur hari a ƙarshen shekarar, kuma ko da sojoji suka karɓe Gwoza a Maris 2015, mafakar da ta tsare mutane daga mahaya ta zama maɓoyar masu bindiga, masu ita suka watse zuwa Kamaru da Yola da sansanonin Maiduguri irin na Bakassi. Babu mai hankalin da zai kira baƙo yawon dutse a Gwoza yau. Amma katangar gona, in ba a gyara ta kafin kowace damina ba, zubewa take yi, yaran da aka haifa a gudun hijira kuwa sun kai shekara goma ba su san sunan hanya ko maɓuɓɓuga ɗaya ta ƙauyen iyayensu ba. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa da yawansu suna cikin Yerwa, wasu a unguwannin da ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri, wadda ke da sashen ilmin ƙasa da na tarihi da na harsuna, kuma aikin zama da su a rubuta hanyoyin da sunayensu, a zana su bisa taswira, bai bukatar a jira sai an buɗe hanyar dutse.